Tarihin Rayuwata, Kashi Na 9: Kayan Da Mota Ba Za Ta Ɗauka Ba

Assalamu alaikum, barkanmu da wannan mako. Wancan satin na tsaya a inda muka sa hannu a takardun sayar da gidanmu na Houston, mai saye ya ba mu wata guda mu kwashe, motar da za ta zama gidanmu kuma tana fake a bakin gareji. RV ake ce mata a nan Amurka, tamu irin Class C ce, wadda ke da gado a saman kan direba, ga kicin ga banɗaki ga ɗan firji duk a ciki.

Maigida ya daɗe yana tuƙa tirela, shi ya sa kafin in ɗauki ko cokali ya kira ni ya nuna min wata ’yar takarda ruwan ɗorawa a jikin ƙofa, ya ce, "Hajiya, wannan lambar ita ce iyakar nauyin da za ta ɗauka, kuma ni da ke muna cikin lissafin." Har ruwan tanki yana ciki. Nauyin galan ɗaya na ruwa fam 8 ne da ɗoriya (fam shi ne ma’aunin nauyi a nan), tankinmu galan 40 yake ci, kun ga fiye da fam 330 ya tafi tun ba a sa tsinke ba, kuma mu masu alwala sau biyar da tsarki da buta ba za mu rage ruwa don tukunya ta samu wuri ba, idan aka yi mata lodi fiye da ƙima taya ce za ta fashe a kan hanya.

To a nan aikin yake. Kujeru da talabijin da injin yankan ciyawa ba su dame ni ba, na sa su a Facebook Marketplace, sauran muka baje a ƙofar gareji ran Asabar maƙwabta suka saye. Amma da na buɗe sito wallahi sai na zauna a ƙasa. Turmina da taɓarya da na taho da su daga Kano, manyan tukwanen da nake dafa abincin Sallah a ciki ’yan uwanmu na gari su cika falo, akwatunan atamfa da leshi, da kwanukan tangaran na mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, ɗaya ma bakinsa ya ɗan tsage tun ina yarinya kuma na san ranar da ya tsage. Tukwanen na kai wa matan masallacinmu don girkin buɗa-baki. Turmin auta ta ɗauka. Atamfofin na raba fiye da rabi, ragowar da kwanukan muka kama musu ɗan ɗakin ajiya mai AC, don laimar Houston ba ta barin zane lafiya.

Sai maganar adireshi, wadda mutane ba sa kawowa a rai. A ƙasar nan in ba ka da adireshi, lasin tuƙi da inshora da banki duk sai su tsaya maka. Masu zama a mota galibi Texas ko Florida ko South Dakota suke zaɓa saboda babu harajin jiha a kan kuɗin shiga. Mu da ma a Texas muke, sai muka yi rajista da ƙungiyar Escapees da ke garin Livingston, arewa da Houston, su ke karɓar wasiƙunmu su tura mana duk inda muke.

Yayata ta kira daga gida, ko gaisuwa ba mu gama ba ta ce, "Ke yanzu gida sukutum za ki sayar ki koma kwana a mota? In baƙi sun zo ina za su sauka?" Na ce, "Yaya, yara sun watse, ɗakuna a rufe, harajin gida kullum hawa yake, inshora kuma tun ambaliyar guguwar Harvey ta 2017 ba mu ƙara ganin sauƙinta ba, ga baban yara ya gaji da aiki don a biya bango." Ta yi shiru. Amma maganar baƙin nan gaskiya ce kuma har yanzu tana cina, ɗalibai nawa ne suka fara kwana a gidan nan ranar da suka sauka Amurka, yanzu sai dai in haɗa su da wani gidan.

Shirinmu da sanyi mu nufi garin Quartzsite a jihar Arizona, inda masu RV ke taruwa a hamada. Filayen gwamnatin tarayya da yawa ana zama kyauta har kwana 14, daga nan a matsa. Maigida ya zauna da taswira yana duba garuruwan da ke da masallaci saboda Juma’a, ni kuma ina lissafin naman halal nawa ɗan firjin zai ci.

Jibi in sha Allahu za mu cika tanki mu loda komai mu kai ta sikelin manyan motoci a auna. In nauyin ya wuce ƙima, keken ɗinkina ne zai fara sauka, mun riga mun yi maganar. Yadda aka ƙare sai mako mai zuwa.