Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Tukunyar Gumin Inna

A makon jiya na tsaya a inda aka maido ni Argungu da koyarwa, bayan shekarun da na yi a ƙauyukan ƙasar Arewa, wajen Kangiwa. Yau zan ɗan ajiye labarin aji da alli, in yi maganar uwar 'ya'yana, Allah Ya jiƙanta, domin shekarun da suka biyo baya nata ne fiye da nawa. Yara suna kiranta Inna, har ni ma bakina ya bi nasu. Ita kuwa har ta koma ga Mahaliccinta ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Malam kawai take cewa.

Wanda bai ga 1983 da 1984 ba, da wuya ya gane abin da nake nufi. Albashin malamin firamare yakan yi watanni bai zo ba. Sabulu, madara, sukari, duk sai an bi layi, layin ma wani lokaci ka kai gaba a ce ya ƙare. Sojoji suka karɓi mulki a ranar ƙarshe ta 1983, damina ta zo ba ruwan kirki, gero ya yi tsada. Muna da yara biyar a lokacin, ga mahaifiyata a ɗaki, ga ƙannena biyu da nake riƙo. Amma ba a taɓa kwana da yunwa a gidan nan ba, kuma ba ni ne dalili ba.

Sana'arta gumi ce, wato turara shinkafa, wadda ta gada wurin kakarta. Da kaka, in an yanke shinkafa a fadama, sai ta aiki ƙanena ya sayo mata buhun shanshera, tun tana da araha. Ta wanke ta, ta kwashe wadda ta taso saman ruwa, domin wannan ba ƙwaya a cikinta. Ta jiƙa ta a ruwan ɗumi ta kwana. Da asuba, kafin in dawo daga masallaci, ta riga ta ɗora rabin ganga a murhu, ruwa kaɗan a ƙasa, shinkafa a sama, ta rufe da buhu. Ba agogo take dubawa ba. Takan ɗaga bakin buhun ta ɗebo 'yan ƙwayoyi, in ta ga ƙaiƙayin ya fara tsagewa, shi ke nan ta sauke. Daga nan sai shanya a tabarmi, kuma a nan gwanintar take. Mai gaggawa yakan bar ta a rana har ta bushe ƙarau, in an kai turmi ta farfashe. Inna takan kwashe tata tun da sauran ɗan laushi, ta ƙarasa busar da ita a inuwa. Shi ya sa tata take fitowa doguwa, ba gutsattsari. Sai surfe, sai bakace, sai ta zauna da faifai a cinya tana tsince tsakuwa ɗaya bayan ɗaya. Na sha ce mata ta bar wannan wahala, masu saye ai za su tsince da kansu. Sai ta ce, "Malam, wanda ya tauna tsakuwa cikin shinkafata, ba shi sake aiko yaro."

Da yake tana kulle, ba ta taɓa zama kasuwa ba. Wata tsohuwa dillaliya ce ke ɗaukar mata, sauran kuma a zo har gida a auna da mudu. Jar shinkafar fadama masu dafa-duka ke nema, ɗanya kuwa wadda ba a turara ba takan ware wa masu tuwo da masu masa.

A watan Afrilu na 1984 gwamnati ta canza launin takardun kuɗi, ta rufe iyakoki, aka ba mutane 'yan kwanaki su kai tsofaffin banki. Gari ya ruɗe. Ni ban damu ba, don abin da ke aljihuna bai kai a yi masa layi ba. Da daddare bayan yara sun yi barci, sai ta shigo da wata kwalla daga cikin jerenta, ta ajiye gabana ta buɗe. Kuɗi ne a nannaɗe cikin tsumma, naira ɗai-ɗai da biyar-biyar, wasu duk sun yi ƙamshin hayaƙi. Ta ce, "Malam, ka tai ka canzo muna su. In an tambaye ka, naka na." Na ƙirga, sun fi albashina na wata uku. Na tambaye ta me take tarawa haka. Ta ce kayan ɗakin babbar 'yarmu, da kuma ranar da albashi zai ƙi zuwa gaba ɗaya.

Wannan "naka na" ita ce halinta duka. In ta ga buhun gero ya kusa ƙarewa, ba ta faɗa a gaban kowa. Sai in tarar da kuɗi a aljihun rigar da zan sa, in je kasuwa in sayo, a shigo da buhu yara suna murna Baba ya kawo hatsi. Mahaifiyata ta rasu tana sa mini albarka a kan ciyarwar da rabinta daga tukunyar surukarta ta fito. Na so in gaya mata, Inna ta hana ni. Ta ce rufin asirin miji ba abin talla ba ne.

A ƙarshen 1984 mutane suka yi ta gangarowa daga Nijar saboda fari, mata da goyo, suna bin gidaje neman aikin daka. Ba ta iya korar kowa. Takan ba su turmi su yi surfe, ta biya su da mudu, ta ƙara musu da tuwo. Akwai wata da ta zauna da mu har damina ta faɗi, kuma bayan shekaru ɗanta ya zo daga wajen Dosso da rago yana neman gidan.

Da aka hana shigo da shinkafar waje a 1985, sana'ar ta buɗe. Ganga ta zama biyu, injin casa ya maye gurbin turmi, ta shiga adashi da matan unguwa. Daga nan kuɗin makarantar yara ya fito, daga nan ta aurar da 'yan mata uku, daga nan kuma ta biya kujerar Makka da kanta. Lokacin da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi a 1991, manyan ma'aikata da suka dawo daga Sakkwato zuwa Birnin Kebbi har aike suke yi a sayo musu shinkafarta.

Ta ga zamanin da Kebbi ta yi suna da shinkafa a ƙasa baki ɗaya, ta ga an buɗe babban kamfanin casa na WACOT a nan Argungu a 2017. Ƙafa ta riga ta hana ta tsayuwa a murhu, amma jikoki mata biyu ta zaunar ta koya musu, tana kan kujera da sanda tana nuna inda ba a juya shanya da kyau ba. Ƙaramin jikanta, wanda take kira maigidana, shi ta ba aikin korar kaji, ladansa ƙanzo. Ɗaya daga cikin 'yan matan nan yanzu tana aure a Gulma, kuma da gumi take taimakon gidanta.

Allah Ya gafarta mata, Ya haskaka kabarinta, Ya sa Aljanna ce makomarta. Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, zan ba da labarin auren babbar 'yarmu da rigimar da aka yi da dangina a kan karatunta, inda na fara ganin Inna ta ɗaga murya.