Birkin da na taka a gaban motar asibiti

Yau kwana tara ke nan, amma ko yanzu na rufe ido sai in ga shuɗin hasken nan yana wulgawa a madubina.

Bayan isha'i ne, na taso daga Tibiri, na kawo bakin garin Maradi inda 'yan kabu-kabu da adaidaita suka cika hanya. Inshorar motata ta ƙare da kwana biyu, abin na nan a raina. Ina hango shuɗi a baya, zuciyata ta ce jandarma ne, kuma ni suka biyo. Sai na danna birki, a nan tsakiyar kwalta. Ko gefe ban duba ba.

Wani ɗan kabu-kabu ya daki bayan motata ya kife, buhun geron da ya ɗauko ya fashe a titi. Adaidaita biyu suka cirje, hanya ta toshe. Ashe motar asibiti ce. Jiniya na kuka, direban na ta oda, wata tsohuwa ta leƙo tana ɗaga hannu: "Bawan Allah, don girman Allah ka matsa, mai naƙuda ce!" Hannuna na rawa, motata ta mutu, sai a karo na uku ta tashi. An yi kamar minti 3 kafin su wuce.

Ɗan kabu-kabun ya kuje a gwiwa, na ba shi jaka 15 na gyara da magani, na biya geron. Wallahi ba kuɗin ke damuna ba, mintunan nan ne.

Abin haushin, na san ƙa'idar tun lokacin da na koyi tuƙi. Dokar hanyarmu irin ta Faransa ce. Shuɗi mai walƙiya na masu gaggawa ne: 'yan sanda, jandarma, masu kashe gobara da ake kira a lamba 18, da motar asibiti. Wasu motocin kan haɗa shi da ja. In ka gan shi, musamman da jiniya, hanya tasu ce. Mai ruwan goro kuwa, wanda ake gani a kan motocin gyaran hanya, masu jan mota da manyan motoci masu faffaɗan kaya, gargaɗi ne kawai: ka yi hattara, ga abu mai tafiyar hawainiya ko mai cin hanya.

Daga baya na zauna na auna. Ko da jandarman ne, ai abin yi ɗaya ne: ka kunna sigina, ka duba madubi saboda masu babur, ka sassauta a hankali, ka gangara dama. Mu a dama muke tuƙi, su ta hagu za su wuce. Babu inda aka ce ka ƙame a tsakiya. Tsoron takarda ne ya rufe mini ido.

Ku kuma samarin da ke bin bayan motar asibiti a guje don an buɗe mata hanya, don Allah ku bari. In ta taka birki, ku ne a ƙarƙashinta.

Washegari da sassafe na je na sabunta inshorar. Matar nan kuwa, bayan kowace sallah ina sa ta a addu'a, Allah ya sa ta sauka lafiya.