Lahadi a Kaiping

Yanzu muka dawo Xiaobei, unguwar da ke birnin Guangzhou na ƙasar Sin. Ƙafafuna sun yi tsami, amma barci ya ƙi zuwa.

Alhaji Sabo ne ya matsa sai mun fita shan iska, tunda ba za a loda kwantenarsa ba sai Talata. Ah Ming ya ɗauke mu bayan asuba, awa biyu da ɗoriya muka isa Kaiping. A hanya sai raha, muna cin dambun naman da Maman Khadija ta aiko, har Ah Ming ya nemi ƙari.

Ƙauyen Zili muka fara zuwa. Gonakin shinkafa shar, agwagi a kududdufi, sai ga dogayen benaye na kankare sun tsaya cirko-cirko a tsakiyar fadama. Diaolou suke ce musu. Fiye da 1,800 ne suka rage a yankin, kuma tun 2007 UNESCO ta sa su cikin kayan tarihin duniya. 'Yan ci-rani ne suka gina yawancinsu, tsakanin shekarun 1920 da 1930, mutanen da suka tafi Amurka da Kanada da Ostireliya suna wanki da guga da aikin gidan abinci. Dokar da Amurka ta kafa a 1882 ta toshe wa leburorin Sin ƙofa, kawo iyali ya zama abu mai wuya, sai mutum ya bar mata da 'ya'ya a ƙauye yana aiko kuɗi.

Mun shiga Mingshi Lou, wanda wani da ya yi kasuwanci a Chicago ya gina a 1925. Gadaje na nan, akwatunan tafiya na nan, hotuna a bango, masu gidan kuwa sun daɗe da watsewa ƙasashen waje. Ƙofar ƙarfe ce mai kauri. Tagogi ƙanana, kowace da sanduna da murfin ƙarfe. A can sama akwai 'yan ramuka a jikin gini, na zura yatsa a ɗaya, na ji ya karkata ƙasa, daidai inda mutum zai tsaya in ya zo ƙofa. Na bindiga ne.

Na tambayi Ah Ming me ya sa mai kuɗi zai ƙuntata wa kansa haka. Ya ce ambaliya na ciki, amma babban dalili 'yan fashi ne. Duk gidan da kuɗin waje ke shiga an san shi, sai a zo da dare a ɗauki matar ko yaron, a nemi fansa. Ya ce a 1922 har makaranta suka shiga a Chikan suka kwashi ɗalibai da shugabansu, fitilar da ke kan wani diaolou ce ta hasko su, mutanen ƙauye suka fito suka ƙwato yaran. Ni da Alhaji muka dubi juna. Babu wanda ya ce uffan.

Ina saman benen wayar Hajiya, mahaifiyata, ta shigo. Ƙarfe ɗaya na rana a nan, shida na safe ke nan a gida, kuma ba ta saba kira da sassafe ba. Gabana ya faɗi.

Bayan gaisuwa ta ce, "Ka faɗa wa Lawal a tsayar da ginin saman nan."

Na ce, "Hajiya, ai an riga an zuba dekin. Bulo kawai ya rage a ɗora."

"Na sani. Duk wanda ya zo wucewa sai ya ɗaga kai. Jiya a gidan suna wata ta kira ni uwar ɗan Chana, a gaban mutane. Kai ba ka nan, ba ka jin abin da ake faɗa."

Na shiga lallashi. Na ce za a ƙara tsawon katanga, a sa waya a kai, a canja ƙofa zuwa ta ƙarfe, a ɗauki maigadi. Ina cikin lissafin nan na lura hannuna na kan murfin tagar mutumin Chicago, ƙarfen ya yi sanyi duk da zafin rana. Sai maganar ta maƙale mini.

Ta yi shiru jim kaɗan, sannan ta ce, "To mu zauna ciki kamar kaji a akurki, kai kana can? Ɗakina na ƙasa ya ishe ni. Allah ya yi maka albarka, amma ka ji abin da na ce."

Shekara bakwai ina tara kuɗin benen nan. Don ita na fara shi, don ta daina tara kwanoni a tsakar ɗaki duk damina. Ban taɓa kawo wa raina cewa kowane bulo da aka ɗora ƙara mata fargaba yake yi ba. Kuma gaskiyarta ce, ni ina nan ina kwana lafiya, su ne za su riƙa kasa kunne in babur ya tsaya a ƙofar gida da dare.

Sauran yinin ban san yadda ya wuce ba. Azahar da la'asar a gefen gona. Alhaji ya so mu ƙarasa Jinjiangli mu ga Ruishi Lou mai hawa tara, na ce kaina na ciwo. Ya sayi busasshen ɓawon lemo wurin wata tsohuwa, wai na shayi. A mota ya dafa kafaɗata ya ce, "Ka yi istihara, ƙanena," bai ƙara komai ba.

Lawal ya turo lissafin rodi da siminti tun la'asar, yana tambaya ko ya ba magina kuɗin kafin alƙalami gobe. Na buɗe saƙon sau huɗu. Har yanzu ban ba shi amsa ba.