Kwana Biyu a Tanti a Bakin Tekun Badagiri

Shekarata tara a Legas, daga Agege sai kasuwa, daga kasuwa sai Agege, teku kuwa sai dai a waya. Da hutun ƙaramar sallah ya zo, ƙanena ya aro tanti, muka hau mota a Mil 2. Muka wuce Alaba Rago da Agbara, shingen bincike na ƙaruwa, don iyakar Najeriya da Jamhuriyar Benin ta Seme ta kusa. La'asar sakaliya muka sauka.

Kafa tanti a bakin teku ba wasa ba ne. Yashi ba ya riƙe turke. Sau biyu iska na kwashe shi muna bi da gudu, har wani dattijo masunci, ɗan ƙabilar Egun, ya gaji da dariya ya taso. Da 'yar Hausarsa ya ce, "Malam, ba aka ba." Ya sa muka cika buhuna huɗu da yashi muka ɗaure igiyoyin. Na ce, "Baba, Allah ya saka." Daren nan barci ɓarawo ne kawai ya sace ni, don rugugin ruwan kamar tirela ce ke nufo kanka. Da asuba na yi alwala da ruwan teku, na kurkure baki na manta gishiri ne.

Da hantsi muka shiga gari. Mun leƙa benen da 'yan mishan suka gina a 1845, wanda ake kira bene na farko a Najeriya. Ni da na taso ina ganin soraye a Kano, sai na yi shiru kawai.

Inda jikina ya yi sanyi gidan Seriki Abass ne. Ɗakuna 40 aka yi don tsare bayi kafin jirgi ya zo. Na shiga ɗaya, ƙanƙane, tagarsa can sama kamar ta rumbu. Mai zagayawa da mu ya ɗora mini marin ƙarfe na ɗaure bayi a hannu, nauyinsa ya ba ni tsoro. Ya ce mai gidan shi ma bawa ne da, an kai shi Barazil, ya dawo ya zama dillalin bayi, kuma Musulmi ne. Sunan ma, Seriki, ai sarkinmu ne a bakin Yarbawa. Na tuna cewa a boren da bayi Musulmi suka yi a Bahiya ta ƙasar Barazil a 1835 akwai Hausawa. Ƙanena ya raɗa mini, "Yaya, ashe namu ma sun bi ta nan."

Kwalekwale ya tsallakar da mu tsibirin Gberefu, muka taka hanyar yashin da aka riƙa kora bayi zuwa bakin teku. A tsakiya akwai rijiyar da aka ce ana ba su ruwanta don su manta gida. Na leƙa, ganyaye ne ke yawo a sama.

Da muka koma tanti ƙanena ya dafa shayi, ya huce a kofi ban sha ba. Buhu ɗaya ya ɓule, na tashi na sake cika shi kafin duhu.