Farar Riga Ba Lasisi Ba Ce

Da matar ƙanena ta haihu a bara, sai bayan kwana uku, lokacin da jini ya ƙi tsayawa har muka kai ta babban asibiti, muka gane cewa matar da ta karɓi haihuwar ba ungozoma ba ce ta karatu. Ta taɓa yin aikin shara da wanke kayan aiki a wani asibiti mai zaman kansa, ta ga yadda ake yi, sannan ta kama ɗaki a bayan wani kemis, ta ɗinka farar riga, unguwa ta ɗauki kiran ta "malamar asibiti". Ita ce ta yi wa yarinyar allurar naƙuda tun kafin lokaci ya yi, ta kuma bar guntun mabiyiya a ciki. Allah Ya taƙaita, uwa da ɗa suna nan lafiya, amma leda biyu ta jini aka ƙara mata.

Abin da ya fi damuna shi ne, duk zuwan da aka yi awo wurinta, babu wanda ya tambaye ta takardar shaida, ni ma kuma da na raka su sau ɗaya ban tambaya ba, domin a wurinmu tambayar mai farar riga lasisinta kamar cin fuska ne.

Alhali doka ta daɗe da yin tanadi. Tun 1979 aka haɗe hukumar ungozomomi da ta ma'aikatan jinya suka zama majalisa guda, wadda aka fi sani da NMCN, kuma ita ce ke amincewa da makarantu, ta shirya jarrabawar ƙarshe, ta yi wa waɗanda suka ci rajista, ta ba su lasisin da ake sabuntawa bayan an halarci kwasa-kwasan ƙarin ilimi. Tana da ikon soke sunan wadda aka kama da laifi daga rajista. Likitoci na da tasu majalisar, masu harhaɗa magunguna da ma'aikatan lafiya na matakin farko, waɗanda su ne ke riƙe da yawancin ƙananan asibitocin ƙauye, kowa da tasa hukumar. Amfanin wannan tsari gare mu talakawa shi ne, mai lasisi tana da suna da lamba a wani littafi, kuma idan ta yi ganganci akwai inda za a kai ƙara. Wadda ta karɓi haihuwar gidanmu kuwa, kafin sati ya zagayo ta rufe ɗakin ta bar unguwar.

Ban haɗa ta da ungozomar gargajiya ba, ko da yake kalma ɗaya muke kiran su da ita. Tsohuwar da ke zuwa ta yanke cibi, ta binne mabiyiya, ta wanke jariri, ta tsaya kan wankan jego, ba ta taɓa cewa ta yi karatun asibiti ba, kuma kowa ya san iyakarta. Haɗarin yana wurin wadda ta ari kamannin asibiti ba tare da iliminsa ba, tana riƙe da sirinji da magungunan da ba ta san ƙa'idarsu ba.

Sai dai gaskiya ɗaya ce, mutane ba don wauta suke zuwa wurin irin waɗannan ba. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 43 cikin ɗari ne kawai na haihuwa a Nijeriya ƙwararru ke karɓa, kuma a Arewa maso Yamma abin ya yi ƙasa da haka sosai. Shirin tura ungozomomi karkara da gwamnatin tarayya ta fara a 2009 ya taimaka na wani lokaci, amma ƙauyuka da yawa har yanzu idan naƙuda ta tashi da tsakar dare, asibitin a kulle yake. Masu lasisin kuma suna ta ficewa Ingila da Saudiyya, abin da ya sa a Fabrairun 2024 majalisar ta ce sai ma'aikaci ya yi shekara biyu yana aiki kafin a tantance masa takardu don fita, ma'aikatan jinya kuwa suka yi zanga-zanga a Abuja da Legas.

Yanzu matar ƙanen nawa tana da wani cikin. Da muka kai ta awon farko, na cije na roƙi ungozomar ta nuna mini lasisinta. Ta ɗan dube ni, ta yi murmushi, ta buɗe jaka ta miƙo mini, ta ce a shekarun da ta yi tana aiki ni ne mutum na biyu da ya taɓa tambaya.