Ranar da na hana ta ruwa

Jiya na miƙa makullin ofis da rajistar aji ga yaron da aka turo ya gaje ni, na kwashe 'yan littattafaina a buhu na fito. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina koyarwa a makarantar asas, wato firamare, ta ƙauyenmu a nan Sudan, a bakin bahar, wato kogin Nilu, tsakanin Sinnar da Sinja, ba nisa da Mai Wurno. Abokan aiki sun ce in rubuta wa masu tasowa abin da na koya. Na zauna zan jero musu nasihohi irin na masu barin aiki, sai na ga duk inda na karkata alƙalami wuri ɗaya yake komawa, wata safiya a watan Oktoba na 2018.

Kowa a nan tsoron Afrilu da Mayu yake yi, lokacin da zafi ke haura digiri 40 kusan kullum. To amma a wancan zamanin hutun ƙarshen shekara ne ke cinye waɗannan watanni, yara suna gida. Wanda ke samunmu a aji shi ne zafin darat, bayan ɗaukewar ruwa, lokacin da dawa ke nuna. Ƙasa na da sauran laima, iska ta tsaya cik, gumi ya fito ya ƙi bushewa. Gumin da bai bushe ba kuwa ba ya sanyaya jiki, jiƙa riga kawai yake yi. Ga kuma wani abu da ba mu lura da shi ba. Tun shekarar 2000 agogon ƙasar nan yake gaba da awa ɗaya, abin da aka kira bukur, sai a watan Nuwamba na 2017 aka mayar da shi. Ke nan ƙarfe goma ta 2018 ita ce sha ɗaya ta da. Mu kuwa kanmu na nan a tsohon lissafi, muna ganin goma ai da sauran safiya.

A makon ni ne mai kula da ɗabur, wato jeruwar yara a fili da safe. Mudir, shugaban makarantar, ya tara mu ya ce baƙi za su zo daga mahalliyya, wato ƙaramar hukuma, ƙarfe takwas da rabi, yana so su tarar da yara a layi, aji aji, kowa a miƙe, a yi musu taken ƙasa da waƙar maraba. Takwas da rabi ta yi, babu mota. Tara ta yi, babu mota. Na je na same shi a inuwar barandar ofis na ce, “Ustaz, ko yaran nan su koma aji, in mun hango ƙurar mota sai mu fito da su?” Bai ko dube ni ba ya ce, “Kai aka ba makarantar ko ni?” Na ce, “Kai ne, ranka ya daɗe.” Na koma filin. Wannan ce magana ta farko da ta ƙarshe da na yi masa a kan lamarin, kuma na daɗe ina yi wa kaina kwalliya da ita, ina cewa ai na faɗa.

Wajen goma saura kwata wata yarinya 'yar aji uku, shekararta tara, ta ɗaga hannu. Siririya ce, ba ta da surutu, gidansu can ƙarshen gari wajen gonaki, tafiyar kusan rabin awa a ƙasa. Ta ce, “Malam, zan sha ruwa.” Randunan suna can gindin katanga, taku talatin bai kai ba. Na san in na bar ta, yara ɗari za su ɗaga hannu, layi ya watse, mudir kuma yana kallona daga baranda. Na ce, “Ki yi haƙuri, yanzu za a gama.” Ta sauke hannu. Bayan ɗan lokaci ta sake ɗagawa, ta ce kanta na ciwo. Na ce, “Kowa ma kansa na ciwo.” Yara suka yi dariya. Wannan dariyar har yau ina jin ta.

Ba ta sake magana ba. Da ta faɗi ma ba da ƙara ta faɗi ba, sulalewa ta yi kamar an zare sanda daga cikin buhu. Kuma ga kuskurena na biyu, wanda ya fi na farko muni: na ɗauka sumar da muka saba gani ce, wadda yaro ke yi don bai karya kumallo ba, a shafa masa ruwa a fuska ya tashi. Na sa manyan 'yan mata biyu suka kai ta ɗakin ajiyar kaya, ɗaki mai rufin kwano, taga ɗaya, ita ma a rufe, don kada baƙi su zo su gan ta kwance. Wato na ɗauke ta daga rana na sa ta a tanda. Da na leƙa bayan 'yan mintoci, idonta a buɗe amma ba ta gane ni ba, tana ta sambatu, tana kiran sunan ƙaninta. Jikinta kamar an sauke tukunya. Wata malama ta ce iskokai ne, a kawo tazargade. Wani ya ce a ba ta fanadol. Ni kuma na ɗebo ruwa a moɗa ina ƙoƙarin ɗura mata.

Wadda ta cece ta ba ta taɓa zama a aji ba. Tsohuwar nan ce mai sayar da ful, wato dafaffen wake, da ƙanƙarar kuka da zoɓo a bakin ƙofa, wadda duk muke ce wa Inna. Ta shigo ta ture hannuna ta ce, “Ɗan nan, za ka shaƙe ta! Rana ce ta buge ta, ku fito da ita.” Aka kwantar da ita a gindin darbejiya ɗaya tilo da muke da ita. Inna ta cire mata ɗankwali da takalmi, ta sassauta riga, ta sa aka juye mata randa guda a jiki, daga wuya har ƙafa. Ta jiƙa mayafinta tana shafa mata, ta ɗebo ƙanƙarar sayarwarta ta sa mata a hammata da wuya da matsematsi, ta ba yara biyu faifai da kwali ta ce su yi ta fifita kada su tsaya. A haka, a jiƙe, aka sa ta a raksha, babur mai ƙafa uku, zuwa shafakana, ƙaramin ɗakin shan magani. Ma'aikacin lafiyar da ya karɓe ta ya sa mata ƙarin ruwa, ya tura mu asibiti a Sinnar. Kwana uku ta yi.

Shi ne ya zaunar da ni ya yi mini karatun da ban samu a kwalejin malamai ba. Akwai galabaitar zafi: jiri, ciwon kai, tashin zuciya, gumi sharkaf, amma yaro yana cikin hayyacinsa. Wannan inuwa da ruwa da hutu sukan isa. Akwai kuma bugun rana, darbat shams, inda zafin jiki ke kaiwa digiri 40 ko fiye, hankali ya gushe, yaro ya yi sambatu ko ya sanƙare ko ya suma. Wannan yana kisa, yana taɓa ƙwaƙwalwa da ƙoda, kuma abin da ke raba rai da mutuwa shi ne saurin sanyaya jiki tun kafin a kama hanyar asibiti. Fanadol ba ya yi masa komai, domin ba zazzaɓin cuta ba ne. Wanda ba ya cikin hayyacinsa ba a ba shi komai ta baki. Kuma kada a jira sai gumi ya ɗauke, wani yana cikin gumin ake rasa shi. Ya ce yarinyar ta gaya mini komai da bakinta tun da wuri, ƙishirwa sannan ciwon kai, a jere kamar yadda yake a littafi.

Baƙin sun iso sha ɗaya da wani abu, ni ina Sinnar. An ce sun ji waƙarsu, sun sha shayi, sun yaba da tsari.

Washegari mudir ya rubuta rahoto. A ciki an ce malamin ɗabur ya yi sakaci da lafiyar ɗaliba, ya hana ta ruwa, ya kulle ta a sito. Babu ƙarya ko ɗaya a ciki, shi ya sa na kasa musantawa. Abin da babu shi ne wanda ya ba da umarnin tsayuwar, da wanda ya zauna a baranda awa biyu yana kallo. Aka ba ni takardar gargaɗi, aka sa a fayil ɗina, ƙarin girman da nake jira ya wuce ni. Shi kuwa bayan shekara biyu aka ɗaga shi zuwa ofishin ilimi. Mun haɗu sau da yawa bayan nan, a ɗaurin aure da jana'iza, muna gaisawa lafiya lau. Bai taɓa tayar da zancen ba. Na so a ce na yafe masa har zuciya, amma in na faɗi haka na yi ƙarya. An ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Ni na ga nawa, na kwana a kansa shekaru. Shi nasa ne ban ga ranar da ya waiwaya ya duba ba.

Takardar ba ita ta fi ci mini rai ba. Ranar da aka sallamo ta na je gidansu da 'yar ledar lemo. Mahaifinta manomi ne, ya girme ni nesa ba kusa ba. Ya shimfiɗa mini tabarma, ya sa aka kawo mini ruwa mai sanyi, na kasa sha. Na ce, “Baba, na zo neman gafara.” Ya yi shiru, sannan ya ce, “Malam, Allah ya riga ya kiyaye. Amma ni ko akuyata in zan ɗaure ta, sai na duba inda inuwa za ta koma kafin azahar.” Bai ƙara ko kalma ba, ya shiga tambayata labarin mutanen gida.

A hanyar dawowa na gane abin da yake nufi. Yaron da ke gida ko gona, in rana ta dame shi zai gudu gindin bishiya, zai je randa, ba ya neman iznin kowa. A makaranta ne kaɗai muke karɓe masa wannan dabarar da Allah ya ba kowace dabba, mu ce sai ya ɗaga hannu, sai mun yarda. Mun koya musu bin na gaba, kuma sun bi. Yarinyar nan da mai taurin kai ce da ta fice daga layi ta sha ruwanta, ta sha bulala biyu, ta kwana a gida. Ladabinta ne ya kai ta asibiti, kuma ni ma ladabin nawa ne ya hana ni cewa a'a a baranda.

Daga ranar ban sake tambayar kowa izni a kan ruwa ba. A ajina moɗa tana kan taga, mai jin ƙishirwa ya tashi ya sha ya dawo. An ce aji zai lalace, bai lalace ba, mako ɗaya suka yi suna ɗoki suka daina. Da sabon mudir ya zo na kai maganar gaban majalisar iyaye, muka yi karo-karo aka kafa rumfar zana babba a filin ɗabur, aka ƙara randuna daga uku zuwa takwas, aka yi yarjejeniya da mai karo, wato mai amalanke, ya kawo ganga biyu kowace safiya. Muka dasa darbejiya goma sha huɗu, kowane aji da nasa, su ke ba su ruwa. Ɗabur ya koma minti goma. Horon durƙuso a rana ya ƙare, kuma ba da takarda daga sama ya ƙare ba, kunya ce ta kashe shi, don duk malamin da ya gwada sai ya ga ina tsaye ina kallonsa. Da aka sauya kalanda aka koma buɗe makarantu wajen Satumba, har karatu ya riƙa shiga cikin bazara, makarantun da ke kewaye da mu sun sha wuya. Mu ba mu sake ɗaukar yaro a raksha ba saboda rana. Ban ce ni kaɗai na yi ba, amma na san wanda ya fara.

Sauran abubuwan ƙanana ne. 'Yan mata da yawa da gangan suke ƙin shan ruwa saboda bayan gidan makaranta ba shi da ƙofa, don haka gyaran ƙofar ma maganin zafi ne. Ka san masu sikila a ajinka da sunansu, domin ƙarancin ruwa a jiki na tayar musu da ciwo. Mai zazzaɓin cizon sauro ko gudawa kada ya tsaya a layi ko na minti biyar ne. Wasan motsa jiki a darasin farko, ba bayan faɗur, karin kumallon hantsi, ba. Ajin kwano in ya ɗau zafi, gindin bishiya ya fi shi. Ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri, ga wanda ke iya sha da kansa. A watan azumi ka sa ido a kan ƙananan da ke gasar kai azumi, kunya ba za ta bar su su ce sun gaji ba. In baƙo ya makara, shi ya jira yara su fito.

Yaƙin da ya ɓarke a Afrilu na 2023 ya rufe mana makaranta, azuzuwa suka cika da mutanen da suka gudo daga Khartum, daga baya na Madani suka biyo. Zanar rumfar ta tafi a hura wuta, ban ga laifin kowa ba. Cikin bishiyoyi goma sha huɗu tara sun rayu, matan da suka zauna a wurin ne suka riƙa zuba musu ruwan wanke-wanke. Inna ta rasu a cikin wannan tsakanin, Allah ya jiƙanta, babu wanda ya taɓa rubuta sunanta a wani rahoto. Yarinyar ta zama budurwa, in mun haɗu a hanya takan rusuna ta ce, “Ina kwana, Malam,” ni ne nake rasa inda zan sa idona.

Jiya kafin in fita na zaga da sabon malamin. Na nuna masa randar da ta tsage wadda ke bukatar canji kafin Maris, na gaya masa an biya mai karo har ƙarshen wata, na kai shi ɗakin ajiyar kayan na ce duk abin da ya faru kada ya kwantar da yaro a nan. Ya tambaye ni dalili. Muka zauna a gindin tsohuwar darbejiyar na ba shi labarin tun daga takwas da rabi.