Teburin da na yi da maɗacin gonarmu

Iskar farkon damina ce ta kayar da maɗacin da ke bakin gonarmu, a wani ƙauye kusa da Birnin Kudu. Da ba don haka ba, ba mai kai masa gatari, don tun muna yara ake ɗibar ɓawonsa ana jiƙa wa mai ciwon ciki. Da ya faɗi, sai na tuna wani tebur da na daɗe ina kallo a waya, zagayayye mai lanƙwasassun ƙafafu. Ni malamin firamare ne, kafinta kuwa ɗan abin da na tsinta ne lokacin hutu, benci da ƙofar langalanga. Na taɓa zuwa 'Yan Katako a Na'ibawa ta Kano na tambayi farashi, na dawo da kuɗin motata kawai. Madobiya na so tun farko, amma tun da aka fara kwasar ta zuwa ƙasar Sin ta fi ƙarfin irinmu, har a 2017 aka sa ta cikin itatuwan da ake sa ido a kan cinikinsu tsakanin ƙasashe.

Na kira mai inji ya tsaga gindin, falanki shida masu kaurin inci 2. Na jera su a rumfa, na sa 'yan sanduna tsakaninsu don iska ta ratsa, na bar su har hunturu ya wuce. Ban shafe bakunansu da fenti ba, kowanne ya tsage kusan taƙi guda. Asarar farko ke nan.

Na zana ƙafar a kwali, na yanke, na ɗora a kan falanki na bi da fensir. Kwana biyu ina fama da zarto da magagari. Duk wanda ya yi aikin maɗaci ya san sunan ba a banza ba ne, ƙurarsa tana sauka a maƙogwaro, ko ruwa ka sha sai ka ji ɗaci. Ƙafar ta fito da kyau, har na kai cikin gida na nuna. Da yamma na kafa ta a ƙasa na ɗan danna don in gwada, sai ji na yi ƙas! Ta rabu biyu daidai inda ta fi lanƙwasa, wurin ya yi sumul kamar an sa wuƙa.

Akwai wani tsoho masassaƙi a garinmu, turmi da akushi da kujerar mata duk aikinsa ne. Na kai masa guntayen. Ya juya su, ya bi wurin karayar da farce, ya ce, "Malam, ka taɓa ganin an fitar da ƙotar gatari daga miƙaƙƙen falanki?"

Na ce, "A'a, Baba."

"To jijiyar itacen nan miƙe take. Kai ka lanƙwasa zanenka, ita ba ta lanƙwasa ba. A nan wurin ka datse ta, me zai riƙe nauyi?"

Na ce ai ana cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, ko in jiƙa shi ne in turara? Ya yi dariya ya ce wannan maganar tarbiyyar yara ce, maɗaci mai kauri haka ba ya jin turare. Sai ya tambaye ni ina rassan. Rassan kuwa na bar wa mata su yi girki da su.

Mun je tare mun tarar an ƙone fiye da rabi. Ya riƙa ɗaga su ɗaya bayan ɗaya yana dubawa da ido ɗaya, yana ɗora kwalina a kansu. Uku kacal muka samu da lanƙwasarsu ta yi kusa da juna. Na ce saura ɗaya. Ya ce murhu duwatsu nawa gare shi? A daɓen ƙasa irin namu ma mai ƙafa huɗu ne ke rawa, sai an yi ta cusa masa kwali. Haka teburina ya koma mai ƙafa uku.

Da gizagonsa ya fere su, ya bar kusan rabin inci fiye da yadda nake so, ya ce in ajiye wata biyu. Reshe yana da taurin kai, in aka rage masa nama sai ya sake murɗewa. Ɗaya kuwa ta murɗe, amma rarar da ya bari ta ishe ni gyarawa. Wajen gogewa na sake shan wuya, domin jijiyar maɗaci a sarƙe take, ka tura fulen ta nan ya yi santsi, gaba kaɗan ya ɓantaro tsoka. Fasasshen gilashi ne ya fisshe ni. Da shi na kankare lanƙwasar kaf, sannan na bi da samfefa. Haɗin kuwa ban sa ƙusa ba, rami na huda a gicciyen da ke ƙarƙashi, na fere kan kowace ƙafa ya shiga dam, na sa gam, na buga turken itace.

Saman teburin kuwa falanki uku ne na haɗa, na kafa ƙusa a tsakiya na ja da'ira da igiya, faɗin inci 30. A nan na yi kuskuren da ban gani ba sai a watan Agusta. Na ɗaure shi da sukurori gam-gam a lokacin bazara, katako ya bushe ƙayau. Da damina ta zauna ya sha raɓa ya kumbura ta faɗi, bai sami wurin motsi ba, sai ya bankare kamar faifai. Na kwance, na tsawaita ramukan sukurorin su zama 'yar tsaga, na mayar ban matse sosai ba. Sai da iskar hunturu ta fara kaɗawa ya kwanta.

Launinsa ja-ja ne mai haske da na gama, yanzu ya yi duhu kamar jan goron da aka tauna. Don gyaran takardun ɗalibai na yi shi, amma Inna ta gan shi ta sa aka kai mata ɗaki, rediyonta da carbinta ne a kai. Ni har yanzu a kan tabarma nake maki.